Neman Ƙafafun Injin Girbi, Daga Bauchi Zuwa Kura

Mun tashi daga Ƙofar Ran ana idar da sallar asuba, ranar Talata, mu uku a cikin a-kori-kurata: ni, da direba, da makanikena wanda muka daɗe muna aiki tare. Maiɗakina ta ɗaure mana masa a leda, ta ce ko ba na jin yunwa in riƙe, don a can Kano ba su iya ta ba.

Bari in fara faɗa muku abin da ya fitar da ni, tunda wasunku sun ga hotona a gadar Wudil sun ɗauka shan iska na je. Waɗanda suka san shagona a bayan Kasuwar Muda Lawal sun san kayan tarakta nake sayarwa, da taya, da batir. Da faci na fara a bakin titi, da famfon hannu da bokitin ruwa, ba wanda ya bar min gadon ko sifana. Bara na sayo injin girbi wanda aka taɓa amfani da shi, irin wanda ke yanka shinkafa ya sussuke ya zuba a tanki. Tun kafin ruwa ya sauka na je wani ƙauye gaba da Zungur, na zauna da manoman fadamarsu. Na ce su shuka iri ɗaya a mako ɗaya, ni kuma in girbe musu duka a kwana uku. Shugabansu, Malam Shu'aibu, dattijo ne da ba ya saurin cewa to. Sai da na je sau huɗu. Da ya yarda kuwa, sai ya aika wa masu laujen da ke zuwar musu kowace kaka cewa bana su nemi wani wurin. Suka nema, suka samu.

Sai ruwan ƙarshe ya ƙi ɗaukewa. Shinkafa ta nuna, ƙasa ba ta bushe ba. Ranar Lahadi muka sa injin a gona, bai je ko'ina ba ya nutse har cibiya, sai da tarakta biyu suka fizgo shi. Tayoyinsa na gaba, waɗanda ke ɗauke da kusan duk nauyin, sirara ne, na ƙasar tudu, don can inda aka ƙera shi alkama yake yanka. Abin da yake buƙata taya ce mai faɗi, mai dogayen haƙora, wadda za ta shimfiɗa nauyinsa a kan taɓo. Taya mai faɗi kuma ba ta hawa siririn wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, dole a samo mata nata.

Malam Shu'aibu ya murza zangarniya a tafin hannunsa ya duba. Ya ce, "Alhaji, kwana bakwai gare mu. In ta wuce haka, ƙasa muka noma wa." Gaskiya ya faɗa. Shinkafar da ta wuce lokacinta, iska kaɗan ta kaɗa sai ta zube.

Ranar Litinin na karaɗe Bauchi ban samu ba. Da yamma muka yi awo yadda muka saba. Duk wanda ya taɓa sayen wili a ƙasar nan ya san wannan awon: a samo kwali, a shafa baƙin mai a kan notinan ƙafar, a danna kwalin a kai, a huda inda ya yi tambari. Shi ke nan kana da ramukan noti da girman cibiya a hannunka, ba sai ka ɗauki ƙarfen da ƙarti huɗu ke nishi kafin su ɗaga ba. Da irin wannan kwali na sayo wa tarakta da manyan motoci wili ba adadi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Hanyar Ningi tana nan yadda kuka san ta, sai dai ramukan sun ƙara ƙiba. Dawa ta yi kyau bana, tun daga Kafin Madaki kanta ya sunkuya. A wani lokacin da zan tsaya in yaba, amma ranar nan duk gonar da na gani ta nuna sai na tuna da shinkafar da ke jirana. Shingaye ban ƙirga ba. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya leƙo ya ga kwalin a kan cinyata, ya tambaya mene ne. Na ce ƙafar inji ce. Ya juya shi gaba da baya, ya ce ina takardunta. Direba ya yi dariya, shi bai yi ba.

A Ningi muka tsaya shan koko. Ƙosan yanzu ya zama kamar maɓallin riga, kuɗin ne kawai ke girma. Mai kokon ta ce in je in tambayi mai wake. Ban je ba, na san shi ma zai tura ni wurin mai fetur, shi kuwa mai fetur mun gaisa da shi tun a Bauchi, har yanzu aljihuna bai warke ba. A Birnin Kudu muka sha fura a tsaye. A Wudil kogi ya cika ya yi ja, masu kifi suna bin mota da faranti. Makanikena ya sayi soyayye guda biyu, ya ce tunda ba mu san abin da Kano ta tanadar mana ba gara mu shiga da ƙoshi.

Ana kiran azahar muka shiga kasuwar 'yan taya ta Kano. Kafin direba ya kashe mota dillalai sun kewaye mu. Kowa ya ji kalmar injin girbi sai idonsa ya yi haske, don ya san wanda ya zo neman ƙafar inji a tsakiyar kaka ba shi da lokacin ciniki. Sun karanta ni daidai. Abin da ba su sani ba shi ne na ci abinci da taya tun kafin wasunsu su yi haƙori.

Shago na farko suka mirgino min taya baƙa wul tana sheƙi. Na shafa, hannuna ya yi santsi. Na nemi lambobin nan huɗu da ke gefe, masu faɗin mako da shekarar da aka yi ta, na tarar an goge su da ƙarfe mai zafi. Na danna gefenta da gwiwa, sai tsaga ƙanana suka buɗe baki kamar diddigen manomi. Taya ce da ta tsufa a ajiye, aka yi mata wanka da mai. Na ce wa mai shagon ya mayar da amaryarsa ɗaki.

Shago na biyu tayar haƙoranta dogaye ne, gwanin kyau. Na sa yatsa a tsakaninsu na ji sawun wuƙa. Ta cinye ne, aka zauna aka sassaƙe naman tsakani don haƙoran su fito. Irin wannan, kututture ɗaya a gona ya ishe ta.

Shago na uku ba tsohuwa ba ce, ba kuma sassaƙaƙƙiya ba. Sabuwa ce, amma ta motar loda tsakuwa, haƙoranta gajeru, jikinta tauri kamar dutse. Mai shagon ya rantse da abin da ba zan maimaita ba cewa ita ake sa wa injin girbi a ko'ina. Na ce masa wannan in ta shiga fadama taɓo zai cike haƙoran ta koma kamar tulu, ta yi ta juyi wuri ɗaya. Ya ce ai ni da gani na san aiki. Na ce shi ma da gani ya sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Abin da ya ɓata min rai ba yaudarar ba ce kaɗai. Duk ukun na gaya musu shinkafar mutane ce a gona, ba tawa ba. Ba wanda fuskarsa ta canja.

Sai bayan la'asar muka dace, a wani lungu, wurin wani ɗan kudu da ba ya yawan magana. Taya biyu, masu lamba 23.1-26, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, don in tsayinsu ya bambanta bakin injin zai karkace ya riƙa yanka gefe sama gefe ƙasa. Na shiga cikinsu da tocila na duba ba faci, ba kumburi. Haƙoran dogaye, a karkace, irin masu tofar da taɓo da kansu. Gefensu mai kauri ne, zai ɗauki tanki cike. Kuɗin guda ɗaya zai saya wa mutum sabon babur har ya yi canji. Na biya ban yi dogon ciniki ba. Wili kuwa ya ce ba shi da shi, kuma kada in wahalar da kaina a cikin gari, in tafi Kura wurin masu yanka tsofaffin injina.

Muka kwana a Kano. Gurasarsu da ƙuli ban ga laifinta ba. Masa kuwa maiɗakina ce da gaskiya.

Da sassafe ranar Laraba muka ɗauki hanyar Zariya. Kura garin shinkafa ce, tun daga nesa za ka ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, ga shanya a bakin titi, ga ƙarar injinan casa ta ko'ina. Wurin da aka kwatanta mana wani fili ne a bayan gari, an kewaye shi da tsohon kwano. Jama'a, in kuna son ku ga inda dukiyar ƙasar nan take kwana, ku je irin wannan fili. Tarakta a jere, garmuna, injinan girbi har da waɗanda ledar kujerarsu ba a cire ba. An sayo su da kuɗin jama'a, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, bel ɗaya ya tsinke aka rasa mai sayowa, sai ciyawa ta gaje su. A cikin tankin wani na ga kaza tana kwanci. Mu kuma can mutane na neman lauje.

Mai wurin tsoho ne, ya ɗaure tabaransa da zare, yana zaune a kan kujerar tarakta da aka kafe a ƙasa. Na ba shi kwalin. Ya sa aka mirgino wili huɗu, biyu jajaye masu tsabta, biyu masu tsatsa kamar an tono su. Na ɗora kwalin a kan kowanne. Duka huɗun ramuka sun dace, cibiya ta dace, faɗin ya yi daidai da tayoyina. Sai ya faɗi kuɗi, na ji masu tsatsar sun fi jajayen tsada nesa.

Na ce jajayen nake so.

Ya ce, "Alhaji, ramuka sun dace. Zurfin fa?"

Na ce, "Wane zurfi kuma, Baba?"

Ya nuna da sandarsa. "Dubi farantin tsakiya, inda noti ke kamawa. A jan nan yana bakin waje, duk faɗin tayar ciki zai shige. A mai tsatsar yana tsakiya, zai turo ta waje. Tsakanin tsohuwar tayarka da jikin injin, yatsa nawa ne?"

Na dubi makanikena, ya dubi ƙasa. Ba mu auna ba. A tarakta akwai fili, ba ma damuwa da wannan, kwali ya ishe mu.

Tsohon ya ce, "Kwali shimfiɗaɗɗe ne, ɗana, ba ya ɗauko zurfi. Kira wani a can ya zura hannu ya gaya maka. Ga inuwa, ga shayi."

Makanikena ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, mu kira ɗin."

Ga abin da ya shiga kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba. Jiya mutum uku sun yi min daɗin baki don su sayar min da abin da ba shi ba. Yau ga na huɗu yana so ya tura min ƙarfe mai tsatsa a kan kuɗi mai yawa, ya ƙirƙiro min wani zurfi. Haka na karanta shi. Ga ma'aikatansa a tsaye suna kallo, ni da na shekara da shekaru a harkar taya tsoho na koya min wili. Na ce masa na gode da karatu, a loda jajayen.

Bai yi musu ba. Ya ce, "In bai hau ba ka dawo da shi, zan canja maka. Shinkafar ce ba za ta jira ba."

A nan Kura masu faci suka ɗora mana tayoyin a kan wilin, da guduma da ruwan sabulu da zufa. Muka loda, motar ta zauna a kan gindinta. Dawowa muka yi tafiyar kunkuru, kowane rami sai direba ya yi masa sallama kafin ya shiga. A Wudil muka tsaya ruwa ya huce a injin mota, a nan aka ɗauki hoton da kuka gani ina murmushi. Ina murmushi ne don na ɗauka na gama.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa ƙauyen. Mutane suka fito har da mata a bakin zaure, don ba su taɓa ganin taya mai wannan girma ba. Muka shimfiɗa katako, muka ɗaga injin, muka cire tsohuwar ƙafa. Sabuwar ta shiga notinan kamar don su aka yi ta. Makanike ya fara ɗaurewa. Kafin noti ya kai rabi sai muka ji robar ta daki ƙarfe. Na zagaya na leƙa. Tayar ta manne da jikin injin, ko takarda ba za ta wuce ba, ga sauran ɗauri.

Muka cire muka juya wilin ciki ya koma waje. Yanzu kuma tayar ta fito ta wuce bakin da ke yanka, duk inda injin ya bi zai tattake shinkafar da bai kai ga yankewa ba. Notin ma bai zauna daidai a ta wannan fuskar ba.

Malam Shu'aibu ya tambaya a hankali, "Alhaji, yau za a shiga?" Na ce gobe, in Allah ya so.

Hanya biyu ce a gabana. In koma Kura, kwana biyu zuwa da dawowa. Ko in kai wa mai walda a Bauchi ya yanke farantin ya matsar da shi tsakiya, wanda ya ce min a waya aikin yini ɗaya ne. Na zaɓi mai walda. Na gaya wa kaina don sauri ne. Gaskiyar ita ce ban so in sake tsayawa gaban tsohon nan ba.

Sai da aka sauke tayoyin daga wilin tukuna, wannan ya cinye yammacin Alhamis. Juma'a ba wuta, janareton mai waldar ba ya jan babban inji, ga masallaci. Asabar aka gama na farko, muka juya shi muka ga yana rawa kamar ƙafar keken da ya faɗa kwata, dole aka sake yankewa. A yammacin Asabar ɗin nan hadari ya haɗo daga gabas. Ina tsaye a ƙofar mai walda ina kallon iska tana kwashe leda a titi, na san abin da take yi a fadama.

Ranar Litinin injin ya shiga gona. Kuma ku ji abin takaici: bai nutse ba. Ya bi ta kan taɓon nan kamar a kan kwalta, tayoyin na tofar da laka, sawunsu ko idon ƙafa bai kai ba. Zaɓin tayar daidai ne. Amma shinkafar ta kwanta, wadda ke tsaye kuma rabin zangarniyarta fanko. Ƙasa ta yi rawaya da ƙwaya, inda ruwa ya kwanta har ta fara tsiro. Injin ya yi ta zagaye, tankin da ya kamata ya cika a zuwa biyu sai ya yi biyar.

Tun ranar Juma'a ashe mutanen suka daina jirana. Suka fiddo tsofaffin laujensu, maza da mata, suka shiga da kansu. Abin da suka yanka a kwana biyun nan kafin iska shi ne mafi kyan abin da suka samu. Na ga hannun Malam Shu'aibu, ya ɗaure tafin da tsumma. Mutumin da ya kai shekarun da ya kamata a ce yana zaune a inuwa yana nuna wa wasu.

Da muka gama na same shi a bakin gona. Na ce masa laifina ne, ba na inji ba, ba na ruwa ba. Na faɗa masa yadda muka yi da tsohon Kura, ban rage komai ba. Ya saurara har na kai ƙarshe.

Ya ce, "Alhaji, ba mu riƙe ka ba. Abin da Allah ya rubuta mana shi muka kwasa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma na aika wa masu laujen nan da goro. Baɗi su za su zo."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na shigo Ƙofar Ran da la'asar sakaliya, laka har gwiwa, na zauna a zaure ban iya shiga ciki ba sai da aka kira magariba.

Ga abin da tafiyar nan ta koya min, ga wanda zai amfana. In za ka saya wa injin girbi ƙafa, fara da ƙasar da zai taka, ba da injin ba. Fadama tana son faɗi da dogon haƙori. Duba shekarar taya, shiga cikinta da fitila, sayi biyun iri ɗaya. In ka zo kan wili, ramukan noti rabin awo ne. Auna zurfin faranti, auna tazarar da ke tsakanin taya da jikin inji, in ya kama ka ɗauki tsohon wilin ka tafi da shi komai nauyinsa. Kuma ka yi duk wannan tun shinkafa tana kore, ba ranar da ta nuna ba.

Ɗayan darasin ya fi wannan ɗaci. Kasuwarmu ta lalace har ta kai in mutum ya gaya maka gaskiya sai ka tsaya neman inda ya ɓoye ƙugiya. Na kama maƙaryata uku a yini ɗaya ina jin kaina, wannan jin kan ne ya toshe min kunne a gaban mutum ɗaya tilo da ya tambayi abin da ya kamata a tambaya. Kuma ba ni na biya ba. Waɗanda suka yarda da maganata ne za su auna hatsi da hankali har wata kakar.

Injin yana nan a bayan shago, a wanke, a kan sababbin ƙafafunsa. Masu wucewa suna tsayawa su shafa tayoyin su ɗauki hoto. Labari kuwa ya riga ya zagaya ƙauyukan Zungur. Har yau ba wanda ya zo ya ce in shiga gonarsa.